Ranar da Mai Kyandir Ta Ari Ido

Matar Kafinta ba ta taɓa sayar da kyandir ko guda ɗaya ba a rayuwarta, amma duk layinsu Mai Kyandir ake kiranta. Wata maƙwabciya ce ta jawo mata. Kullum tana jiyo ta ta katanga tana waya, maganar ba ta wuce kyandir ya tashi, kyandir ya sauka, kyandir ya rufe. Ranar da aka ɗauke wuta sai ga baiwar Allah da sallama, wai a ba ta biyu masu kauri. Aka yi dariya har da riƙe ciki, suna kuwa ya bi ta, har mijinta da surukarta suka ɗauka.

Kyandirorin nata a cikin waya suke. Sana'arta cinikin kuɗaɗen ƙasashe ne, ta sayi yuro da dala in ta ga alamar zai yi tsada, in ya hau ta sayar. Kuɗin ba ta ganinsu da ido, balle ta taɓa. Abin da take gani zanen farashi ne, wasu 'yan sanduna a jere, su ne kyandirorin, kowace tana ba da labarin awa guda. In farashi ya ƙare awar sama da inda ya fara, sandar ta zama koriya. In ya ƙare ƙasa, ta zama ja. Wasu suna da wutsiya, wato inda farashin ya leƙa ya dawo. A kansu take wuni, ta ja layi nan, ta ja layi can, tana yi musu magana kamar mai kiwon kaji.

To, akwai wani kamfani da ke yi wa irinsu jarrabawa. Za su ba ka asusun gwaji na wata guda, su ce ka kai riba kaza ba tare da asararka ta wuce kaza ba. In ka ci, su damƙa maka jarinsu ka riƙa juyawa ana raba riba. Sau biyu Mai Kyandir tana shiga, sau biyu tana faɗuwa, kuma ita kanta ta san hannunta ne ya kayar da ita. Duk cinikin da za ta shiga tana sa masa iyaka biyu. Ɗaya a ƙasa, inda waya za ta fitar da ita da kanta in kasuwa ta juya mata baya, wannan take kira birki. Ɗaya a sama, inda za ta kwashi riba ta sauka, wannan take kira tasha. Karon farko ta ga farashi ya doshi birki, zuciya ta ce matsar da shi kaɗan, ta matsar, ta ƙara matsarwa, har asara ta zarce abin da kamfani ya yarda. Karo na biyu kuma tsoro ya kama ta, ta riƙa dirowa tun kafin a kai tasha, wata ya ƙare ba ta cika ba.

Shi Kafinta mutum ne mai haƙuri, sai dai duk abin da ba za a ɗaga a buga masa ƙusa ba, a wurinsa bai cika sana'a ba. Kallon kyandir yake kiran aikin nata. Bai hana ta ba, amma ya gaji da ganin abinci na hucewa a gabanta. Ita da bakinta, a gaban Inna mahaifiyarsa, ta ce wannan na uku shi ne na ƙarshe. In ta faɗi za ta goge komai daga wayar, ta je ta zauna kan kanta a shagon Yayanta mai sayar da kayan gyaran mota, inda ya daɗe da ajiye mata kujera. Shagon nan kuwa, ko wucewa ta yi ta gabansa sai warin baƙin mai ya sa mata ciwon kai, ga rediyon Yaya da ba a kashewa.

Wannan karon abin ya yi mata kyau. Ta bi a hankali, ta tara, har ranar Juma'ar da wa'adi zai cika da faɗuwar rana ya zama saura ƙiris. Ciniki ɗaya mai kyau ya isa. Duk makon nan jira take yuro ya sauko kan wani layi da ta ja a ƙasan zanen, wanda take kira daɓe, don duk sanda farashi ya taka wurin sai ya yi tsalle ya koma sama. Ta sa wa wayar ƙararrawa a kan layin. Yuro kuwa ya yi ta yanga, ya sauko ya tsaya, ya sauko ya tsaya, kamar amaryar da ake roƙo ta fito.

Sai aka yi rashin dace ranar ce asibitin ido suka ba ta. Ta daɗe tana fama da ciwon kai, ta daɗe tana jiran layi, Kafinta kuma ya rantse ko sama za ta faɗo sai ta je. Ya rufe shago ya goya ta a babur. Ita a zatonta haruffa za ta karanta a jikin bango a sallame ta. Nas ta ce ɗaga kai, ta ɗaga, aka ɗiga mata wani ruwa a kowane ido. Sai da aka gama dubawa, likita ya ce ba wani abu ba ne, tabarau kawai take buƙata, sannan nas ta ce mata af, yau fa abin da ke kusa ba zai ganu ba, haske kuma zai dame ta, sai zuwa gobe ido zai koma daidai.

Tun a bakin ƙofar asibitin ta zaro waya. Zanen nan da ta sani kamar tafin hannunta ya zama kamar atamfar da ta zuba a ruwa. Ta kusanto da shi, hasken ya soke ta, hawaye ya zubo. Ta nesanta shi, ya ƙanƙance ya ɓace. Kafinta ya ciro baƙin tabaran da yake sawa in zai yanka katako da inji ya ɗora mata, ya ce ta riƙe shi da kyau, suka kama hanya. Addu'a take a zuci, yuro ya ƙara yanga ko na yini ɗaya ne, duk da ta san yini ɗayan ba ta da shi.

Suna shiga falo, Inna na zaune kan tabarma da faranti tana tsintar shinkafa, ko gaisuwa ba su gama ba ƙararrawa ta kaɗa a cikin jaka.

Farashi ya taka daɓe. Kafinta ya riga ya juya zai fita, akwai mai wadirob da ke jiransa tun jiya, sai ya ji an riƙe masa gefen riga.

"Baban yara, ara mini idonka."

Ya ce shi me ya sani a kallon kyandir. Ta ce ba sani take nema ba, gani take nema, sanin yana wurinta. Ya dubi Inna ko za ta cece shi, Inna ta ci gaba da tsintarta. Ya ja tsaki kaɗan, ya zauna a hannun kujera, ya karɓi wayar da yatsu biyu kamar an miƙa masa jaririn da aka haifa yanzu.

Ta ce ya gaya mata abin da ya gani. Ya ce ya ga ƙafafun kujeru birjik, kuma wanda ya yanka su bai da awo, in yaronsa ne ya yi wannan aikin yau zai bar shago. Ta ce ya bar na baya, ya tafi can ƙarshen dama, ya nemi layin da ke kwance a ƙasa. Ya samu. Ta tambaye shi kyandir na biyun ƙarshe, yaya yake da layin? Sai ga Kafinta ya zaro fensir daga bayan kunne yana gwadawa. Ya ce wutsiyarsa ta huda layin ta leƙa ƙasa, amma gangar jikin tana bisa, kuma wutsiyar ta ninka jikin.

Ta gyara zama. Abin da take so ke nan. An tura farashi ƙasa, masu saye sun turo shi ya dawo. Saura shaida ta biyu: kyandir na gaba ya rufe kore, ya kuma haɗiye na bayansa. In ya yi haka za ta saya. In kuwa ja ya rufe, daɓen ya fashe ke nan, wanda ya saya ya faɗa rami.

"Wannan na ƙarshen fa motsi yake yi," in ji Kafinta, ya ɗan janye fuskarsa. "Yana da rai ne?"

Ta ce awarsa ce ba ta cika ba, sai ta cika zai tsaya, kuma ba a yanke hukunci a kan kyandir mai motsi. Suka zauna jira. Da farko yana ta duba agogon bango yana ambaton mai wadirob. Can sai ta ji ya daina. Ya koma ba da labari ba a tambaye shi ba: ya miƙe, ya ɗan rusuna, ya sake miƙewa, kai wannan akwai taurin kai. Ita tana zaune cikin duhun tabarau, hannuwanta a matse tsakanin gwiwoyi, tana zana duk abin da ya faɗa a cikin kanta.

"Ya haihu," ya ce. "Ga wani ɗan ƙarami ya fito a gefensa."

Ta ce to mai motsin nan ya rufe ke nan, maza ya gwada shi da na bayansa. Fensir ya sake aiki. Ya ce ya fi shi ta sama, ya fi shi ta ƙasa, in da ƙofa ce da ta rufe shi ruf. Mai Kyandir ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Wace kala?"

Kafinta ya ƙara kusanto da wayar fuskarsa.

"Baban yara, kore ne ko ja?"

Ya yi gyaran murya. Ya ce kalarsu ɗaya da na bayansa. Ta ce to ja ke nan? Ya ce eh to, ko kuma kore. Ta ce wane irin ko kuma kore, ana maganar rayuwarta yana wasa? Ya ce wallahi ba wasa yake ba, duk 'yan sandunan nan kala ɗaya ne, kalar katakon da ya sha rana, wasu dai sun ɗan fi wasu duhu. Ta dafe kai. Shi ke nan, gilashin wayar ya lalace, kuma bai tashi lalacewa ba sai yau.

Inna ko kai ba ta ɗaga daga faranti ba ta ce, "'Yar nan, wa ya ce ki tambayi wannan kala? Ai ba ya gani."

Mai Kyandir ta juya inda muryar take. Inna ta jefar da wata tsakuwa ta ci gaba, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Ta ce tun yana yaro in ta aike shi sayen tumatir sai ya kwaso mata ɗanyu, ta yi dukan har ta gaji, sai daga baya ta tuna mahaifinta ma haka yake, ja da kore duk ɗaya ne a wurinsa har ya koma ga Allah. Ta ce ita ta ɗauka matarsa ta sani, shekara nawa ana tare.

Ba ta sani ba. Amma a tsayen nan abubuwa suka riƙa faɗo mata ɗaya bayan ɗaya. Tumatir ɗin da yake kawowa tana cewa rowa ce ta sa yake sayen mai araha. Kujerun da wata mata ta ce a yi mata kore ya kai mata ja, aka yi ta rigima. Da yadda duk sanda zai sayi yadin kujera sai ya ce ta shirya su tafi tare, ya tsaya a bayanta yana cewa duk wanda kika zaɓa shi ne.

"Ni da na ɗauka so ne ya sa kake tafiya da ni kasuwar yadi."

"Da son ma," in ji Kafinta, murya ƙasa-ƙasa.

Dariya ta taso mata, ta danne, don sabon kyandir ya riga ya fara tafiya kuma kasuwa ba ta jiran a gama zancen aure. Ta ce Inna, taso ki taimake ni. Inna ta ce ita tabaranta na karatu yana gidan autarta, in aka sa mata waya a gaba ba ta ganin layi ba ta ganin lamba. Mai Kyandir ta ce kala fa? Inna ta ce kala kam ko daga ƙofar gida.

Haka aka yi. Kafinta ya ɗora bakin fensir a ƙarƙashin kyandir ɗin, Inna ta sa ya ja da baya da wayar har tsawon hannu biyu, ta karkata kai, ta runtse ido ɗaya.

"Wanda fensir ke nunawa kore ne shar, kamar ganyen da aka wanke. Na bayansa ja."

"Inna kin tabbata?"

"Ni da na yi rini kafin a haifi mijinki?"

Daga nan falon ya zama kamar ɗakin haihuwa. Mai Kyandir na ba da umarni, kowa na gudu a inda yake zaune. Ta sa ya karanto mata lambar da ke daidai ƙarshen wutsiyar nan, ta ce birki ya zauna ƙasa da ita kaɗan. Ta sa ya karanto lambar layin sama, inda farashi ya saba juyowa, ta ce tasha ta zauna ƙasa da shi kaɗan. Ta yi lissafin girman cinikin a ka, ta faɗa masa, ta ce ya kula da ɗigo, don in ɗigo ya goce gida ɗaya an gama da ita. Ya ce ita dai ta faɗi lamba, shi da ɗigo ai tare suke cin abinci. Ya rubuta, ya karanto mata, ta ce ya sake, ya sake, Inna na maimaitawa a bayansa duk da ba ta san me take maimaitawa ba. Sannan ta ce maɓalli biyu ne manya a sama, na dama shi ne saye.

"Damata ko damar wayar?"

"Damarka, Baban yara, hannun da kake riƙe guduma."

Ta yi bisimilla, ya danna. Wayar ta yi ɗan ƙara. An shiga.

Abin da ya biyo baya, da wani ya ba Mai Kyandir labari da ba ta yarda ba. Mutumin da ke cewa kallon kyandir ya miƙe da waya a hannu yana zagaya tebur. Ya hau, ya hau, ya ƙara hawa, Maman yara wannan yaron kirki ne. Ya tsaya. Me ya tsayar da shi? Wa ke tura shi ƙasa, su waye, a ina suke? Ta ce masu sayarwa ne, a ko'ina cikin duniya. Ya ce Allah ya shirye su. Inna ta ture faranti gefe, duk bayan ɗan lokaci ta ce a nuno mata, ta ba da rahoto: kore ne, har yanzu kore, to ya fara ja, ja ne sosai yanzu kam.

Jan nan bai tsaya ba. Farashi ya sauko ya wuce inda suka saya, ya taka daɓe, ya huda. Muryar Kafinta ta canza. Ya ce saura faɗin yatsa a kai birki. Can ya ce saura kaurin farce. Ya durƙusa a gabanta ya kama hannunta ya sa mata wayar a ciki.

"Ki matsar da shi ƙasa kaɗan. Kaɗan kawai, ya samu wurin juyawa. Faɗa mini inda zan taɓa."

Yatsanta ya riga ya san hanya, ko ba ido zai iya. Ta ji shi yana ƙaiƙayi. Kujerar shagon Yaya ta faɗo mata a rai, da warin mai, da rediyo. Amma maganar da mijinta ya yi ta san ta, kalma bayan kalma, har da kaɗan kawai ɗin. Ita ce ta faɗa wa kanta a jarrabawar farko, a kan wannan kujerar. Yau da ta ji ta daga bakin wani, sai ta ji ashe haka take da muni.

Ta kife wayar a cinya ta ce ya ɗauko akwatin kayan aikinsa. Ya ce na me? Ta ce ya ɗauko dai. Ya jawo shi daga bayan ƙofa, akwatin katako mai kwaɗo. Ta laluba ta kwantar da wayar tsakanin guduma da zarto, ta rufe, ta datse kwaɗon, ta miƙa makullin sama.

"Inna, riƙe. Ko kuka kika ga ina yi kar ki ba ni."

Inna ta karɓa ta ƙulle a bakin zaninta, ƙulli kan ƙulli.

Kafinta ya ce yanzu ta yaya za su san abin da ake ciki? Ta ce wayar za ta yi ƙara in an kai birki ko an kai tasha. Ya ce to yaya ƙaran birki yake, yaya na tasha? Ta ce iri ɗaya ne. Ya ce wanda ya ƙera wannan abu ba ya tsoron Allah.

Suka zauna su uku sun sa akwati a tsakiya. Aka yi la'asar, kowa ya yi sallarsa da kunne ɗaya a falo. Mai wadirob ya kira, Kafinta ya ce masa yana kan wani babban ciniki, gobe da sassafe. Ya kwanta ya kara kunne a jikin akwatin, ya ce yana jin kamar wani abu na motsi, Inna ta ce cikinsa ne, bai ci abincin rana ba. Hasken da ke shigowa ta labule ya fara yin ja-ja, ko ta cikin baƙin tabarau Mai Kyandir ta ga alamar rana ta karkata. In ranar ta faɗi ba a kai ko'ina ba, wa'adi ya cika, ƙiris ɗin nan zai kayar da ita kamar yadda babbar asara za ta yi.

Ba a daɗe ba ita ma ta karaya. Ta matsa kusa da Inna ta ce leƙawa kawai za a yi, ba za a taɓa komai ba. Inna ta ce yau kunnenta na hagu ba ya ji. Ta zagaya ta dama. Inna ta ce wannan ai tun bara ya mutu.

Ana cikin haka wayar Kafinta ta yi ƙara, duk suka zabura. Yaya ne. Muryarsa har inda take zaune: wai ya ji yau ne ƙarshen wasan, ya sa a goge kujera, ranar Litinin ta zo da wuri. Mai Kyandir ta sunkuyar da kai. Sai ta ji mijinta ya ce, Yaya, a bar kujerar nan da ƙurarta tukuna, mu nan muna cikin kasuwa, kuma birkinmu na nan inda muka sa shi. Ya kashe. Inna ta ce oh, yau kuma mu ne? Bai kula ta ba.

Ƙaran, da ya zo, ɗan siriri ne, daga ƙarƙashin guduma.

Babu wanda ya motsa. Sai kuma kowa ya motsa lokaci ɗaya. Inna ta kama ƙulli, ƙulli ya ƙi, ta sa haƙori, ya ƙara ƙamewa. Mai Kyandir na cewa Inna a hankali, tana kuma cewa Inna yi sauri. Kafinta bai jira ba. Ya zaro sukundireba daga aljihu ya kwance maƙalin kwaɗon gaba ɗaya kafin a ƙifta ido, abin da ashe tun ɗazu yana iya yi. Ya ciro wayar. Ta ce ya taɓa wurin tarihin ciniki, ya karanto lambar ƙarshe, ya duba ko akwai 'yar sanda a kwance a gabanta, don ita ce alamar asara. Ya ce gumi ya shiga idonsa, ga wata tsohuwar tsaga a gilashin wayar daidai wurin, bai san ko sanda ba ce ko tsaga.

"Miƙo nan," in ji Inna, makulli har yanzu a bakin zani. "Ja baya. Ƙara ja."

Ta karkata kai, ta runtse ido ɗaya. Ta daɗe, don tsohuwar nan ta san daɗin a jira ta.

"Kore."

Lambar riba ce kaɗai ke fitowa koriya. Kafinta ya goge ido ya karanto ta. Mai Kyandir ta haɗa ta da abin da take da shi, ya cika, har ya ɗan ɗora. Ta buɗe baki ta yi magana, sai kuka da dariya suka fito tare. Kafinta ya ɗaga akwatin kayan aiki sama yana juyi da shi, ƙusoshi na zuba. Inna ta taka rawa ta taka faranti, shinkafar da aka wuni ana tsinta ta watse har ƙarƙashin kujera. Daga baya ya koma kan zanen da fensirinsa ya gano cewa farashin ya sauko har saura kaurin gashi ya taɓa birki, sannan ya juya ya haura bai waiwaya ba. Mai Kyandir ta ce ko da ya taɓa, nan ne wurinsa. Ta faɗa da ƙarfin hali, amma sai da ta nemi ruwa ta sha.

Maƙwabciyar nan ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Inna ta ce lafiya lau, kyandir ne ya kama.

Washegari ido ya washe. Saƙon kamfani ya iso, ta karanta da kanta, ta sake karantawa. Sannan ta shiga wurin gyaran zanen ta yi 'yan taɓe-taɓe, ta kai wayar ta ajiye kusa da kofin shayin mijinta. Ya duba, ya ajiye kofin. Kyandirorin sun koma baƙi da fari, masu hawa farare, masu sauka baƙaƙe. Ya daɗe yana bin su da yatsa, yana cewa wannan ya hau, wannan ya sauka, wannan ma ya sauka, ashe haka abin yake a fili.

Ta ce daga yau sayen tumatir ya dawo hannunta. Ya ce ya yarda. Ya zaro awo daga aljihu ya gwada tsawon wayar da faɗinta, ya rubuta a bayan hannunsa. Ta ce na mene ne? Ya ce ɗan akwati zai yi mata daidai ita, mai kwaɗo, wanda maƙalinsa ke ta ciki yadda sukundireba ba zai kai ba. Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya ta ce makullin dai a kawo mata, kuma wannan karon a haɗo da igiyar ratayawa, don haƙoranta ba na kwance ƙulli ba ne.